Sawun Barewa a Daɓen Zaure

Baba magini ne. Wata rana da la'asar ya tafi da ni wani tsohon gidan sarauta a Kankiya, mai soron azara da zankwaye, ga bareyi suna kiwo a garkar baya. Ya gama sabon daɓen zaure, warin makuba ya cika hancina, ya ce, "Kai, zauna nan."

Ni da zama? Har yau da furfurata ban koya ba. Na koro wata barewa, ta ratsa ɗanyen daɓen ina biye da ita. Da a ce maigidan zai ga sawun ƙafata a ciki, da aikin Baba ya ƙare.

Baba ya durƙusa, ya shafe sawuna ɗaya bayan ɗaya, ya bar nata.

Ya ce, "Ita 'yar gida ce, ba mai sallamar ubanta."