Gadin Ƙofar Gona

Delbert ya ɗana bindiga da ya ji ƙarar mota. Maƙwabtansa a nan Oklahoma sun yarda a haƙo mai, doka kuma ta haɗa da na ƙarƙashin gonarsa ko yana so ko ba ya so. Tun ranar yake gadin ƙofa.

Motar ta tsaya. Ashe ƙanwarsa Wanda ce.

"Yaya, ajiye abin nan kafin ka harbe ɗan mutane."

"In dai ina numfashi, ba mai taka ƙasar nan!"

Ta nuna masa injin haƙa can nesa, a gonar maƙwabci.

"Wa ya ce takawa za su yi? Daga can suka karkato bututu. Yanzu haka ta ƙarƙashin ƙafarka suke zuƙe man."