Allon Ɗaki na Huɗu

Sista Babba ta ture kujerar da aka miƙo mata. A tsaye za ta yi gwajin, in ji ta, a kan layin tsayuwar nan da ita ta ja a daɓen ɗakin da hannunta.

Shekara ashirin da shida tana jinyar masu ciwon ido a ɗaki na huɗu. Ta wanke idon da siminti ya ƙona, ta ɗaure wanda tartsatsin walda ya huda. Sai ga shi don ta ɗauko kwalbar maganin ɗigawa a ido wadda ba ita ba, sau ɗaya tak, aka ba ta hutun dole na mako guda. Yau kuma wai sai ta karanta allon gwajin gani, in ta kasa ta ajiye farin kaya. Abin ya ci mata rai matuƙa.

Ɗakin sai warin sabon fenti. Ta yi tuntuɓe da tsani, ta ja tsaki, ta ce masu fenti ba su san a kwashe kaya ba.

Wadda aka sa ta gwada ta kuwa autar sashen ce, yarinyar da ita ta koya wa riƙon auduga.

"Mama, ki ɗan dakata tukuna..."

"Babu wani dakatawa. Ku da kuka ce na tsufa, ku buɗe kunnuwanku."

Ta rufe idon hagu da tafin hannu, ta fuskanci bango, ta soma. Babban harafi na sama, biyu na ƙarƙashinsa, uku, huɗu, ko numfashi ba ta tsaya ja ba. Ta sauya ido ta maimaita, har layin ƙarshe mai kama da ƙwan kwarkwata, wanda matasa ma ke ƙanƙance ido kafin su gano shi.

Ba ta ji ƙarar biro a takarda ba, sai jan majina.

"Kuka kike? Rubuta, ki kai musu. Ki ce ina nan daram."

Ta gyara hularta ta nufi ƙofa, kai a sama. Autar ta bi ta da kallo har ta wuce ta gefen allon, wanda ke jingine a bayan ƙofa tun ranar da masu fenti suka sauke shi daga bango.