Tsarkiyar Jar Gita

A ɗakin ƙasa na gidansa da ke Detroit, Wendell ya jera tsofaffin gitocinsa masu kaurin murya, ya ware waɗanda zai rabu da su. Odessa ta tsaya a bakin matakala, ko jakarta ba ta ajiye ba. Idonta na kan jar gitar da marigayiya matarsa Corinne ke kaɗawa a coci.

"Wannan fa?" in ji ta.

Bai kalle ta ba. Ya ɗauko almakashin yankan waya. "Zan sa mata sababbin tsarkiyu, ita ma ta tafi. Ba zan nemi aurenki da wata a jingine a bango ba."

Odessa ta san tsarkiyun nan sun haura shekara ashirin. Makaɗan irin wannan gita ba sa canza su, don gumin yatsu ne ke ba su taushin murya. Ta sauko ta riƙe masa hannu.

"Tsoho, kanka ɗaya kuwa? Wa ya ce ka yanke?"

"Na zaci ita ce ta tsaya miki."

"Shirunta ne ya tsaya min. Tun rasuwar Corinne ba ka taɓa ta ba, sai dai ka share mata ƙura. Ba zan zauna gidan makoki ba. Ka kaɗa ta ranar bikinmu, ko ba biki."

Wendell ya ɗago ido a hankali. "Kin amince ke nan?"

Ta cire gitar daga bango, ta ɗora masa a cinya.

"Kaɗa in ji tukuna."