Gwanjon 'Yan Aji Uku

Malama Luzviminda ta ɗaga 'yar motar roba. Yau ce ranar ƙarshe ta shekarar karatu, ranar da ake gwanjon kayan wasa, a biya da taurarin takarda da ɗalibai suka samu saboda ƙwazo.

"Wa zai taya?"

"Tauraro goma!" aka ce daga kujerar Junjun.

"Duk abin da ke hannuna!" aka amsa daga kujerar Renato.

"Haba maƙwabci, kai ba ka san ciniki ba ne? A hankali ake hawa!" in ji na kujerar Junjun.

Aka ɗan yi dariya. Malama ta buga tebur. "Renato ya saya."

Sai mahaifin Renato ya miƙe da ƙyar daga ƙaramar kujerar, ya zube taurarin ɗansa. Duk iyaye ne a ajin. Kwale-kwalen da ke kawo yaran daga tsibiri ya kife da su a watan Fabrairu.

"Mang Isko, za ka bi mu maƙabarta?" Malama ta tambayi mahaifin Renato.

Ya girgiza kai. "Bakin teku zan kai masa motar, Malama. Nawa har yau ba a gan shi ba."