Bencin jikin bango

A firamarenmu a Gashuwa, malamin aji huɗu da sakamakon jarrabawa yake raba wurin zama. Na ɗaya a gaba, mu na ƙarshe can jikin bango. Ni kuwa daga can dishi-dishi nake ganin allo.

Wata rana dab da tashi na yi ta maza na ɗaga hannu.

"Malam, don Allah a mai da ni gaba, ba na gani."

Ko juyowa bai yi ba. "Bencin gaba na masu ƙwaƙwalwa ne. Ci jarrabawa ka dawo."

In ci jarrabawar abin da ban gani ba!

Yau da gilashi a idona nake rubuta wannan, kuma wallahi har yanzu raina tafasa yake. Benci biyar kawai zai matsar da ni fa.