Hoton Wuta a Zauren Unguwa

Akwai wani dillalin hatsi da ya kewaye gidansa da katanga mai tsayi, ya jera fasassun kwalabe a kanta, don tsoron ɓarayi yake kamar ransa. Da ya saka sola, wato wutar hasken rana, sai aka ɗora masa manhaja a waya mai zana masa yadda gidan ke shan wuta daga safe har dare. Abin ya burge shi. Mutumin kuwa akwai son a sani, kullum sai ya tura hoton zanen a zauren 'yan unguwa na waya, a yi ta sa masa albarka. Bai taɓa tsayawa ya karanta abin da yake turawa ba. Zanen yakan hau da safe, ya faɗi in matarsa ta tafi aiki yara sun tafi makaranta. Ran kasuwa kuwa, da shi ma ba ya nan, sai ya kwanta shame-shame, in ban da ɗan tudu da hantsi, sa'ad da mahaifiyarsa tsohuwa ke jona butar shayinta.

Wata ranar kasuwa ya dawo da la'asar, ya tarar da ƙofa lafiya lau, tsohuwa na kan tabarma tana jan carbi. Tana murmushi ta ce, “Yaran da ka aiko duba batir sun zo, masu ladabi. Har lokacin shayina sun sani, shi ya sa na buɗe musu. Sun leƙa ɗakuna, sun ce za su dawo.” Shi kuwa bai aiki kowa ba. Nan take ya goge hotunan, ya fice daga zauren, amma wa ya san wayoyi nawa suka riga suka shiga? Tun daga ranar tsoro bai sake shi ba. Yana auna masara a kasuwa, hankalinsa na kan tsohuwar nan da ke zaune ita kaɗai, wayarsa na yin ƙara sai ya yi wuf ya ɗauka.

To ka ji. Katangarsa na nan daram, ko kwalba ɗaya ba a taɓa ba. Da ɗan yatsansa ya yi wa gidansa kafa, Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.