Saƙon da Na Ɓoye wa Malaminsa

"Anti, ba lacca na tambaya ba, amsa nake so. Gobe zan miƙa."

Abin da ɗalibin ya rubuto mini ke nan a zaurenmu na intanet, inda muke taimakon masu koyon rubuta manhaja. Laifina kawai, na ce ya nuna mini inda ya maƙale a aikin gidan da aka ba shi.

Raina ya ɓaci. Na ture kofin shayina, na rubuta masa aikin tsaf. Amma a tsakiya na cusa layi guda irin wanda kwamfuta ke tsallakewa, sai idon mutum: "Malam, ɗalibinka bai rubuta wannan ba, ko karantawa bai yi ba."

Na zauna jiran ranar tonon asiri.

Bayan mako ya turo hoton takardarsa. "Anti, Allah ya saka da alheri! Na cinye makin duka."

Na ƙara girman hoton. Ga layina nan ɓaro-ɓaro. A gefensa, da jan biro, malamin ya rubuta: "Madalla, ka yi ƙoƙari."